Ranar da Kowa Ya Zauna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi a wani yanki da ke can ƙurewar arewa. Ku natsu ku ji abin da ya faru a majalisarsu, domin ku ne za ku yanke hukunci.

Majalisar nan ba ta da jam'iyyu. Kowace gunduma tana aiko da wakili guda, su zauna a da'ira su zaɓi shugaba daga cikinsu. Ba sa jefa ƙuri'a. Idan aka ambaci suna, wanda bai yarda ba sai ya miƙe tsaye, kuma magana ba ta tabbata sai kowa yana zaune. Haka nan ba a yin zaɓe matuƙar akwai kujerar da ba kowa a kanta.

A shekarar, shugabansu ya sauka saboda rashin lafiya, wakilin gundumar ƙetaren kogi kuma ya rasu. Gwamnati ta aiko daga babban birni cewa in wannan Talata ta wuce ba su da shugaba, za ta rushe majalisar ta turo kantoma.

Mutanen ƙetare sun zaɓi Barira, wata ungozoma, ta maye gurbin mamacin. Sai dai kogi ya cika ya tafi da gada, masu kwale-kwale kuma suka ce ba za su shiga ba. Kawunta ya riƙe mata hannu a bakin ruwa ya ce, “Ke Barira, ko a kududdufi ba ki taɓa iyo ba.” Ta ce ta sani. Ta ɗaura takalmanta a ka, ta rungumi ƙaton gora, wani mai fito ya ja ta. Ruwa ya kai su nesa kafin su ga tudu. A jiƙe ta shiga zaure, haƙoranta suna kaɗawa, aka rantsar da ita. Kujeru suka cika.

Sunan Malam Jatau aka fara ambata. Shi ne ya fi kowa daɗewa, kuma kowa ya san shugabancin nan yake jira tun gashinsa yana baƙi. Har sabuwar babbar riga ya ɗinka. Mafi yawa suka zauna, amma wasu kaɗan suka miƙe. Abokansa suka raɗa masa ya yi haƙuri, ƙafafunsu za su gaji. Ya dubi rana ta taga, ya ga lokaci yana ƙurewa, ya ce ya janye, ya kuma ambaci Hajiya Tabawa, wadda ta fi kowa yi masa gardama a zauren. Wani ya ce, “To Malam, rigar fa?” Ya ce, “Akwai bikin sunan jikana nan gaba.” Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai sake ɗaga kai ba.

Da aka ambaci Tabawa, mutum ɗaya ne ya miƙe, Sallau. Gundumarsa da tata sun daɗe suna rikici a kan burtali, kuma dattawansu sun sa ya yi musu alkawarin ba zai taɓa zama wa mutumin can ba. Ga su nan a bayan zaure suna kallonsa. Tabawa ba ta roƙe shi ba. La'asar ta yi yana tsaye. Sannan ya juya ya ce wa dattawan, “Iyayena, da Tabawa za mu iya rigima a nan kullum. Kantoma ba zai ma tambaye mu ba.” Ya zauna. Babbansu ya ce, “Ka zauna da kyau, Sallau, wannan ne zamanka na ƙarshe.” Haka kuwa aka yi, ba su sake zaɓensa ba.

Akawun majalisa ya buga takarda mai ɗauke da sunan Hajiya Tabawa, ya ruga gidan waya kafin a rufe, ya aika da ita babban birni.

Yau mutanen yankin suna so su sa wa zauren sunan mutum ɗaya. Da Barira da ta shiga ruwa, da Jatau da ya janye, da Sallau da ya zauna, ku gaya mini, wa ya fi cancanta?