Ruwan Ɗaurayar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Wata shekara aka yi fari, ruwan rijiya ya ja baya. Zaki ya kafa doka: kowane mai sana'a tulu ɗaya a rana, wanda ya ƙara a kore shi.

Kura mai wanki tana ta ƙunƙuni, sai Gara mai gini ta ce, "Yaya Kura, ina kike kai ruwan ɗaurayarki?"

"Zubarwa nake yi mana."

"Ba ni shi in kwaɓa ƙasa, ki ɗauki tuluna. Ƙasa ba ta ƙyamar datti."

Kura ta wawuri tulun tana dariya, wai ta cuci Gara. Wanki ya fita tas, gini ya tashi, har damina ta sauka ba a kori kowa ba.

Ƙurunƙus kan ƙadangare.