Mai Rigan Kowa Kai Labarin Hatsari

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, tsohon direba, wanda ciwon baya ya sauke shi daga mota. Da zama ya ishe shi sai ya buɗe shafi a intanet yana ba da labarin hanya: inda gada ta karye, inda ake aikin titi, inda motoci suka cushe. Kullum da safe yana kan benci a bakin tasha yana latsa waya. Direbobi na sa masa albarka, mahaifiyarsa kuwa har maƙwabta take nuna wa shafin ɗanta.

To ina matsalar ta fito? Ya lura cewa labarin gada mutane kaɗan ne ke dubawa, amma ranar da ya sa hoton hatsari sai shafin ya cika maƙil. Daga nan ya rasa sukuni. Yana cin abinci waya na hannunsa, yana sallame salla zai lalubo ta ƙarƙashin darduma. Tsoronsa ɗaya ne, kada wani shafi ya riga shi. Duk hoton da aka turo masa daga wurin hatsari sai ya buga masa tambarin shafinsa a tsakiya don kada a sace, ya saki. Ko tsayawa kallo ba ya yi.

Wani dattijo ya same shi a tasha, ya ce a shafinsa suka ga gawar 'yarsu tun kafin a sanar da su. Mai shafin ya ba shi haƙuri sama-sama, ya ce ko bai sa ba wani zai sa. Mahaifiyarsa ma ta kira shi ɗaki ta ce, "Ɗan nan, mamaci ma yana da kunya. Ka bar wannan abin." Ya ce to. Kafin ya sa takalmi ya saki wani.

Wata ranar kasuwa aka turo masa bidiyon babbar mota da ta kife. Yana tsaye wurin mai aski, ya manna tambari ya tura. Jama'a suka yi ca a kai, shi kuwa sai murna. Kiran matarsa ya shigo ya katse, na yayarsa ya shigo ya katse, wai yana amsa wa masu sharhi. Sai da mai askin ya leƙa tasa wayar, ya ajiye reza, ya ce, "Malam, ka kuwa kalli abin nan har ƙarshe?"

Ya buɗe bidiyon ya kalla. Ashe ƙaninsa ne direban. Ga shi kwance a gefen titi ba ko mayafi, ga sunan shafin a kan ƙirjinsa.

Ya goge, amma me ya rage? Shafuka sun riga sun kwashe, kowanne da tambarinsa a jiki. Ya isa gida a guje ya tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, waya a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, "Mutane da yawa sun gani ko? Ai ka riga kowa."

Ya rufe shafin, tasha ma ta gagare shi shiga. Har yau yana zuwa gaida ta kowace safiya, tana amsawa fuskarta a bango.

Ya 'yan uwa, shafi ba laifi ba ne, neman jama'a ma ba laifi ba ne. Amma wanda ke kwance a titin nan ɗan wata ne, kuma ita ba a gaya mata ba tukuna. Kafin ka tura, tambayi kanka, da naka ne za ka so a gani?

Allah ya rufa mana asiri muna raye da bayan mun mutu, ya kiyaye mu daga sharrin yatsunmu.