Baƙin Zare da Randar Tsohon Soro

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, sarki ya gaji da sakacin ma'aikatan fada. Sai ya kafa doka: duk wanda ya yi wasa da aikinsa a ɗaura masa baƙin zare a wuyan hannu, kowa ya gani. In ya sake, a kore shi daga gari. Ya damƙa zaren a hannun Waziri Barau, wanda bai daɗe da naɗi ba.

To, bayan fada akwai wani tsohon soro da ba mai zama cikinsa. An ce sarkin farko ya tarar da masu wurin, ya yi musu alkawarin ruwa kowace safiya. Mai cika randar soron wata mata ce, Tabawa, ta gaji aikin a wurin marigayi mijinta.

Ran nan bayan azahar Waziri ya leƙa soron, ya ga randa ƙaf, ko danshi babu. Bai tambayi kowa ba. Ya sa aka kira Tabawa gaban fadawa, ya ɗaura mata zare. Ta ce ta cika, ya ce ai randa ba ta ƙarya.

Ba ta yi kuka ba. Matar da ta binne miji, me ya rage mata in ba sunanta ba? Ta tafi gaban sarki, ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba. Waziri ya ga randa, bai ga masu sha ba. Gobe ya cika ta da hannunsa, ya zauna gadinta. In ruwan ya kai azahar, a kore ni ranar, kada a jira laifi na biyu."

Sarki ya yarda. Waziri ya yi dariya.

Da safe ya cika randa, ya duba gindinta, ba ta yoyo. Ya zauna. Da rana ta take tsaka, sai kukan tsuntsaye ya ɗauke. Soron ya yi sanyi kamar cikin rijiya. Can ya ji haɗiya, ƙwat, ƙwat, a hankali, ruwa yana sauka, ba baki ba moɗa. Da ya ƙare, wani abu mai laima ya riƙe wuyan hannunsa, ya daɗe, sa'an nan ya saki.

La'asar sakaliya sai ga Waziri a ƙofar Tabawa, da sabon zane da wuƙa, wai ya yanke zaren a rufe magana. Ko duban zanen ba ta yi ba.

"Waziri, a bainar jama'a ka ɗaura, a bainar jama'a za ka kwance. Kuma ban da wuƙa. Hannun da ya ƙulla, shi zai warware."

Haka aka yi. A gaban sarki da fadawa ya durƙusa ya warware ƙullin. Sarki ya gyara doka: kada a ƙara ɗaura wa kowa zare sai an ji ta bakinsa.

Tabawa ta koma randarta, hannu fes. Waziri kuwa, har ya bar duniya, akwai zoben danshi a wuyan hannunsa da bai taɓa bushewa ba, kome zafin rana.