Daidai da Ɗaiɗai

Akwai wani mutum, kafinta ne a wani ƙauye, sunansa Ɗantani. Ya iya aiki, zuciyarsa ma ba laifi, sai dai yana son a ambaci sunansa. Ko benci ya gyara wa coci, in ka leƙa ƙarƙashi za ka tarar ya rubuta sunansa a wurin.

Mutumin nan ya ƙirƙiro wani wasa a kan allon katako. Ya zana hanya daga Jeji zuwa Gida, ya sa ramuka uku a tsakani. Mutum huɗu ke yin wasan, da 'ya'yan tsamiya ashirin da huɗu, kowa shida. Ana jefa tsagin kara a ga taku nawa za a yi. Ya tsara hanyar ta yadda babu ɗan da zai kai Gida bai faɗa rami ba, kuma wanda ya faɗa ba ya fita sai ɗaya daga cikin 'yan'uwansa biyar ya zo bakin ramin ya jawo shi. A nan daɗin wasan yake. Mai gaggawar da ya saki ɗa guda ya yi gaba shi kaɗai, shi ne yake daɗewa a rami.

Shekara tara yana gyara wasan, shi da matarsa Rifkatu. Burinsa ɗaya ne, wasan ya shiga gidajen da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba. Sai ya rubuta ƙa'idojin a takarda, ya naɗe allon a zane, ya tafi birni neman mai bugawa. Maɗaba'a uku suka sallame shi tun daga bakin ƙofa. A ta huɗu ya sami wani dattijo, Baba Habila, wanda ya zauna suka yi wasan sau uku, aka cinye shi duka ukun, yana dariya.

Baba Habila ya ce, "Zan buga maka kwali dubu, kowanne da allonsa da 'ya'yansa da takardar ƙa'ida. Amma sau ɗaya zan buga. Kuma ka sani, ɗana, Hausata ta kasuwa ce. Zan ba ka takardar gwaji, kai ne za ka duba."

Da takardar gwaji ta fito, idon Ɗantani ya sauka a kan murfi. An rubuta Dantani, ba lanƙwasa a kan baƙin farko. Nan take ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Baba, wane ne Dantani? Ni ban san shi ba. Shekara tara ina wahala, a ce wani baƙo ne zai ci sunan?"

Dattijon ya ji kunya ƙwarai. Ya ce, "Yi haƙuri. Zan bi takardar duka in gyara."

Ya kuwa bi ta. Don tsoron kada a sake yi masa faɗa, duk inda ya yi shakka sai ya sa lanƙwasa. Ƙa'ida ta farko tana cewa, "A raba wa 'yan wasa 'ya'yan daidai." Sai ta koma, "A raba wa 'yan wasa 'ya'yan ɗaiɗai." Ya miƙa wa Ɗantani sabuwar takardar, ya ce, "Tafi da ita gida, ka karanta kowane baƙi kafin ka sa hannu. Inji ba ya tambaya. Abin da aka ba shi, shi yake fitarwa."

Kwana uku takardar ta yi a gidan Ɗantani. Maƙwabta sun ga murfin. Fasto ya gani. Mai shayin bakin hanya ma sai da ya gani, ko da yake bai iya karatu ba. Ran na uku Rifkatu ta ce, "Maigida, ka buɗe cikin kuwa?"

Ya ce, "Ni na rubuta shi da hannuna. Me zan karanta kuma?"

Ya sa hannu, inji ya tashi, kwali dubu suka watsu cikin kasuwanni.

Bayan wata biyar aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Da tsakar rana ya hangi dattawa huɗu a gindin mangwaro, da kwalinsa a gabansu. Daɗi ya cika shi, ya matsa kusa bai ce ko shi wane ne ba. Sai ya ga 'ya'ya huɗu kwance a ramin farko, ashirin kuma suna cikin kwali ba a taɓa su ba.

Ya ce, "Iyayena, me ya hana ku ɗaukar sauran?"

Ɗaya daga cikinsu, tsohon malamin makaranta, ya ɗora yatsa a kan takardar. Ya ce, "Ɗaiɗai aka ce, mun bi ƙa'ida. Kowa ya faɗa, ba mai ciro shi. Kwana uku muna gwadawa, ba wanda ya ga Gida. Wanda ya yi wasan nan bai san tausayi ba." Ya juya murfin. "Ga sunansa, Ɗantani. An buga shi tsaf, har da lanƙwasa. Ka san shi?"

Ɗantani ya ce, "Na san shi."

Ya durƙusa ya raba musu shida shida, ya nuna musu yadda ɗan'uwa yake jawo ɗan'uwa. Kafin inuwa ta juya duka huɗun sun shiga Gida, suna murna. Amma kwali ɗaya ke nan. Sauran suna gidajen da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba, kamar yadda ya yi buri. Ya koma wurin aikinsa yana kuka.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce wannan. Takardar gwajin ita ce kwanakin da Ubangiji ya bar mana a hannu, lokacin da gyara yake yiwuwa. Murfin shi ne sunanmu a bakin mutane. Cikin takardar kuwa shi ne zamanmu na gaskiya, yadda muke magana da mutanen gidanmu, yadda muke raba abinci da haƙuri, da abin da muke yi idan ɗan'uwa ya faɗi.

Da yawa cikinmu murfi muke tsaro. A manta da sunan mutum a sanarwar ranar Lahadi, sai ya yi mako biyu bai zo sujada ba. Amma ya shekara ba ya gaisawa da ƙanensa, wannan bai taɓa hana shi barci ba. Ba da ku kaɗai nake ba. Ni ma na taɓa yin fushi don an kira ni malam a taron da nake jiran a ce fasto, ranar kuwa na fito gida na bar matata da baƙar magana. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Ku lura, Ɗantani ba mugu ba ne, wasansa kuma mai kyau ne. A ransa ya san daidai. Amma dattawan nan ba ransa suka karanta ba, takarda suka karanta. Haka 'ya'yanmu da jikokinmu. Ba niyyarmu za su bi ba, abin da suka ga mun yi shi za su bi, su kai shi gidajen da ba za mu taɓa shiga ba. In mun koya musu kowa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, ran da suka faɗa rami ba za su sami mai miƙa hannu ba, mu kuma ba ma nan balle mu ce ba haka muke nufi ba.

Allah cikin jinƙansa ya sa wa kowa Rifkatu a kusa, mai tambaya ko ka buɗe cikin. Kada ka ce mata kai ka rubuta. Yau takardar tana hannunka, inji bai tashi ba tukuna. In ka koma gida, ajiye murfin, ka buɗe cikin ka karanta.