Ranar Da Danda Ya Kwance Jakinsa

Akwai wani bawan Allah a wani ƙauye da ke yankin Hawandawaki, sunansa Danda. Kirista ne, mai bishara. Tun yana saurayi ya ce Ubangiji ya kira shi, shi ya sa da ya gama karatu a Maraɗi aka turo shi wannan ƙauye, inda masu bi ba su cika rumfa ɗaya ba.

Wa'azinsa bai tara jama'a ba. Abin da aka san shi da shi amalanken jakinsa ne. Babur ba ya ɗaukar mara lafiya a kwance, mota kuwa yashi ya hana ta shigowa. Duk wanda ciwo ya kayar, Musulmi ko Kirista, Danda ne ke shimfiɗa masa tabarma a amalanke ya kai shi likita, wato asibiti.

Matarsa Sa'a ba ta cika jin daɗin haka ba. Takan ce, "Baban Rahila, kai Allah ya zaɓa, mu kuma wa zai kula da mu?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Wanda ya aike ni ba ya barci."

Rahila ita ce 'yarsu ɗaya tilo, ba ta daɗe da shiga lekol, wato makarantar boko, ba.

Wata safiya da damina Rahila ta tashi da zazzaɓi. Suna ba ta magani ke nan sai ga maƙwabcinsu Cha'ibu a rikice, matarsa na naƙuda tun jiya, haihuwa ta ƙi zuwa.

Sa'a ta riƙe hannun mijinta. "Jikin yarinyar nan bai yi mini ba. Ka tafi da mu."

Danda ya taɓa goshin Rahila, ya dubi amalanken da ba zai ɗauki mutum biyu a kwance ba. Ya ce, "Zazzaɓi ne, zai sauka. Kafin la'asar na dawo."

Ya ɗauki matar Cha'ibu suka tafi. A likitar kusa aka ce sai an kai ta Tasawa. Ruwa ya cika hanya, bai dawo ba sai washegari. Matar Cha'ibu ta sauka lafiya.

Tun daga bakin gari ya hangi mutane zaune a ƙofar gidansa. Babu wanda ya ɗaga kai. Ashe bayan tafiyarsa zazzaɓin ya hau kan Rahila da rana, ta yi ta jijjiga a cinyar uwarta tana kiran babanta har ta yi shiru.

Maƙwabta suka taya shi haƙa kabari. Da aka dawo, ya kwance jakin, ya kifa amalanken a jikin katanga. Ya daina buɗe rumfar sujada. Da faston Tasawa ya zo ta'aziyya, Danda ya ce masa, "In wannan shi ne zaɓen, a nemi wani. Na kai 'ya'yan kowa, tawa ta mutu tana kirana."

Sa'a ba ta taɓa ce masa "na faɗa maka" ba. Shirunta ya fi masa faɗa ciwo. Suka yi shawara da an yanke gero za su bar garin.

Ana gab da girbi, wata rana da hantsi, Hammadu makiyayi ya yi sallama. Ɗiyarsa Kadijatu na saɓe a kafaɗarsa, idanunta sun juye.

"Malam Danda, dan Allah. Daga ruga na ɗauko ta a ƙasa."

Danda na zaune a zaure, bai motsa ba. "Na bar wanga aiki, Hammadu. Ka nemi wani."

Hammadu ya tsaya, ya rasa inda zai nufa. Can sai aka ji ƙarar ƙarfe a bayan gida. Sa'a ce take kokawa da amalanken ita kaɗai har ta tayar da shi. Ta jawo jakin, ta shimfiɗa tabarma, sannan ta zo ta tsaya a kan mijinta, hawaye na zuba.

"Baban Rahila, tashi."

Tun ranar jana'iza ba ta kira shi da sunan nan ba.

"Sa'a, ke ce ke faɗin haka?"

"Ni ce. Ni na riƙe ta har ta cika, na san yadda abin yake. Ba zan bari wata uwa ta ji abin da na ji ba alhali amalanke na kife a gidana. Ban sani ba ko na gama yafe maka. Amma tashi."

Danda ya tashi. Sa'a ta hau ta rungume Kadijatu, shi kuma yana kora jaki yana kuka har likita. Aka yi wa yarinyar allura da ƙarin ruwa, bayan kwanaki ta miƙe.

Ba su bar garin ba, kuma Allah bai sake ba su haihuwa ba. Har yau in an buga musu ƙofa, su biyu ke fita.

Darasi: Wanda Allah ya zaɓa don hidima ba a yi masa alkawarin ba zai yi kuka ba. An zaɓe shi ne ya tsaya wa masu kuka, ko da nasa hawayen bai bushe ba. Kuma in kana hidima, kada ka manta na cikin gidanka ma amana ne. Ku tura wa wanda kuka san ya gaji da aikin alheri, wataƙila yau yake shirin ajiyewa.