Katin Saukar Kausar

Akwai wani matashi a Wudil mai suna Garzali, yana aiki a wani shagon buga takardu kusa da gada. Katin biki, katin suna, kalanda, duk shi ke tsarawa.

A gida yana da tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya saka wa wata manhaja mai ƙawata rubutun Larabci. Kyauta ya sauke ta, amma da sharaɗi: don amfanin kai ce kawai. Wanda zai yi sana'a da ita, ko ya ɗora ta a kwamfutar wurin aiki, sai ya sayi lasisi. Garzali ya karanta tsaf, sannan ya danna "na amince". Mu kuwa mun san halinmu, dannawa muke yi ko kallo babu.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, sai ga Malam Gwadabe daga Indabo. Shi ya riƙe Garzali bayan rasuwar mahaifinsa, ya ciyar da shi, ya koya masa karatu. Dattijon yana da hali ɗaya da kowa ya sani: ba ya karɓar kyautar ɗalibi. Ko buhun gero ka kai masa, da abinka za ka dawo.

Bayan doguwar gaisuwa Malam ya ce, "Ƙanwarka Kausar, autata, za ta yi saukar Alƙur'ani. Irin rubutun nan da ka taɓa nuna mini nake so a katin. Ka yi mini a nan shagonku, in biya kamar kowa."

Garzali ya ce to, amma ya san akwai matsala. Kwamfutar shago ba ta da lasisin, mai shagon kuma ya riga ya ce ba zai saya ba. Idan ya yi a gida ya karɓi lada, ya saɓa sharaɗi. Idan ya ce kyauta ne, Malam zai ji ciwo, wataƙila ma ya kai aikin wani wuri.

Bayan Malam ya tafi, Ridwan, abokin aikinsa, ya ji damuwarsa, ya yi dariya ya ce, "Kai dai da sa wa kanka wahala! Kwafo manhajar a filas ɗin kwamfuta mu zuba a nan. Mai manhajar yana can wata uwa duniya, ina zai sani?"

Garzali ya ƙi. Washegari da la'asar ya hau babur sai Indabo. Ya durƙusa gefen tabarmar Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, ba zan iya yin katin a shago ba."

Fuskar dattijon ta canza. "Wato aikina ne ya yi maka ƙanƙanta?"

Maganar ta soki Garzali har idonsa ya kawo ruwa. Ya yi bayanin sharaɗin dalla-dalla, ya ƙara da cewa, "Hanya ɗaya ce ta halatta gare ni. In yi a gida da tawa kwamfutar, kyauta, a matsayin wan Kausar."

Malam ya ajiye carbinsa. Sai ya ce, "Lokacin da ka amince musu, wa ke wurin?"

"Babu kowa, Malam."

"Ba su san ka ba, ba ka san su ba?"

"Haka ne. Amma na ce na amince."

Malam ya kawar da kai, ya goge ido da bakin rawaninsa. "Je ka yi wa ƙanwarka," in ji shi. Wannan ce kyautar ɗalibi ta farko da ya taɓa karɓa.

Ranar walima, Kausar ta rungume katinta tana nuna wa ƙawaye sunanta. Da aka gama addu'a, Malam ya kamo hannun Garzali a gaban jama'a.

Ya ce, "Jama'a, ku taya ni murna. An gayyace ku sauka ɗaya, amma biyu na yi. Kausar ta sauke a allo, wannan kuma ya sauke a hali."

Darasi: Sharaɗin da ka amince da shi alƙawari ne, ko da a allon kwamfuta ka danna shi ba mai ganinka. Abin da aka ba ka don amfanin kanka, kada ka mayar da shi na sana'a sai da izini. Tura wa abokin aikinka wannan labari, wataƙila ya tuna masa da wani "na amince" da ya manta.