Guduma a Cikin Leda

A ƙarshen wani layi, a gida mai koren ƙyaure, akwai wani direban motar kamfani da 'yan unguwa suka laƙaba wa suna Sai-Na-Sayo. Mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa, kuma yana son mahaifiyarsa kamar ransa. Aibinsa ɗaya ne: ya fi son sayen kayan aiki a kan yin aikin. Idan famfo ya fara ɗiga, sai ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, sai dai sai na sayo sifanar da ta dace." Zai sayo sifanar kuwa, har da 'yan uwanta manya da ƙanana. Famfo kuma ya ci gaba da ɗigarsa cikin bokiti.

A bayan gidan akwai ɗan ɗakin da ya mayar wurin ajiya. Duk wanda ya leƙa sai ya ɗauka shago ne. Ga zarto a rataye, haƙoransa ba su taɓa ɗanɗana katako ba. Ga filaya, ga magagari, ga sukundireba jere daga babba zuwa auta, ga ƙusoshi a gwangwanaye. Gudumarsa ma tana cikin ledar da aka sayo ta. Ranar hutu yakan shiga ya kakkaɓe musu ƙura, ya sake jera su, ya fito yana miƙa kamar wanda ya wuni yana fasa dutse. Ɗakin kullum a kulle yake, don kada a ɓata masa tsari. Saboda haka matarsa da wuƙar kicin take ɗaure sukurun marfin tukunya, da dutse kuma take buga ƙusa.

"Baban yara," takan ce, "don Allah ara mini gudumar nan. Ko kuwa ita ma sai ta gama makaranta za ta fara aiki?"

"Ke ba ki san darajar kaya ba," in ji shi. "Bari in samu lokaci, za ki sha mamaki."

Mai shagon kayan aiki da ke bakin kasuwa kuwa ba shi da abokin ciniki kamarsa. Da ya hango shi sai ya miƙe, baki har kunne. "Injiniya da kansa! Shigo, shigo, an kawo wani abu jiya, na ce wannan ba na kowa ba ne, naka ne." Shi kuma kalmar nan ta injiniya tana yi masa daɗi fiye da shayi mai kauri. Ba ya fita hannu wofi.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, a gidan take, domin gidan marigayi mijinta ne. Ɗakinta yana kallon tsakar gida, ƙawayenta na tsufa duk a layin suke, kullum da yamma suna zaune a tabarmarta ana hira. Wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti, Allah ya sa aka dace. Likita ya tara 'ya'yanta biyu, Sai-Na-Sayo da yayarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ya ce musu, "Za ta yi tafiya, amma ba za a mayar da ita gida ba sai an kafa mata ƙarfen riƙewa a banɗaki da kuma bangon da za ta bi zuwa ɗakinta. Ta sake faɗuwa, labarin zai canza. Kuna da lokaci kafin mu sallame ta."

Yayar mace ce mai jiki, mai magana ɗaya. Tun a barandar asibitin ta ce, "Auta, ka kira ma'aikaci ya yi wannan aikin. In ba haka ba, ni gidana a shirye yake, in tafi da ita."

"Haba Yaya! Ina da kaya cike da ɗaki sannan in kira wani? Ai abin kunya ne. Ni zan yi wa Inna da hannuna."

"Hannun naka da na sani?"

"Yaya kenan. Ki zuba ido kawai."

Inna da ta ji maganar tafiya wani gari sai ta kama hannunsa. "Auta, ni dai ɗakina. Can wurin yayarka a sama suke zaune, ba tsakar gida, ba wanda na sani. Tagar kawai zan riƙa kallo kamar tsuntsuwa a keji." Ya yi mata alkawari, har da dafa ƙirji.

Washegari ya nufi kasuwa da zafinsa. Ya sayo ƙarafa masu ƙyalli, ya sayo injin huda bango. Da ya zo gida ya karanta jikin kwalin, sai ya ga kamar injin bai kai ba, ya koma ya sayo wanda ya fi shi ƙarfi. Sannan ya tuna ba shi da ma'aunin da ake gane ko abu ya karkace. Bayan ma'aunin sai tabarau na kare ido, bayan tabarau sai safar hannu, bayan safa sai wata jaka mai aljihuna da ake ɗaurawa a ƙugu. Mai shago ya taɓa tambayarsa, "Injiniya, bangon naku bulo ne mai rami ko cikakke? Don sukurun sun bambanta." Ya ce, "Ba ni kowanne, duk zan duba." Bai duba ba. Kowace dawowa daga kasuwa sai ya ji a ransa aiki ya ci gaba, alhali bango ko alamar fensir babu.

Duk ranar da ya je dubiya Inna takan tambaye shi, "Auta, yaya aikin namu?"

"Saura kaɗan, Inna. Kaya sun kusa haɗuwa."

Matarsa ta yi magana har ta gaji. "Baban yara, ka gwada injin nan ko sau ɗaya ne, ka ji yadda yake a hannu." Ya ce ai ba a gwada sabon abu a banza, sai ranar aiki.

Ranar aikin ita ce ranar sallama, domin haka kawai ya farka ya ji Yaya a waya tana cewa ta taso, za ta biyo ta ga gida kafin su ɗauko Inna. Nan fa ido ya raina fata. Ya yage kwalaye, ya ɗaura jakarsa a ƙugu, ya sa tabarau, ya shiga banɗaki. Da ya danna injin sai ya yi tsalle a hannunsa kamar ɗan akuya, bakin ya zame, tayil ya tsage daga sama har ƙasa. Ya matsa gefe ya sake. Wannan karon ya huda, amma hannunsa na rawa, ramin ya yi faɗi har yatsa na shiga. Bulon kuma mai rami ne, sukuru ya shige yana lilo, ba abin da ya kama. Gumi ya jiƙe masa riga. Da ya ga lokaci na tafiya, sai ya kakkarya tsinken ashana, ya haɗa da guntun kwali ya cusa a ramukan, ya ɗaure ƙarfen a kai. A ido ya yi kyau ƙwarai. Ya goge shi da tsumma har yana ɗaukar ido.

Matarsa na bakin ƙofa tana kallo. "Wannan zai riƙe mutum kuwa?"

"Inna ai ba ta da nauyi. Gobe zan sayo sukurun da suka dace in gyara."

Yaya ta iso, ko mayafi ba ta ajiye ba ta wuce banɗaki. Ta dubi tsagaggen tayil, ta dubi ƙanenta cikin tabarau da jaka, ta ce, "Iye, ka ga ma'aikata." Sai ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta saki nauyinta a kai yadda mai ciwo zai yi. Ƙarfen ya biyo ta gaba ɗaya. Ta yi zaman daɓas a cikin bahon wanki, tsinken ashana na zubo mata a cinya.

Da a wata rana ce, da an yi dariya har da hawaye. Amma ba wanda ya ko murmusa. Yaya ta ɗauki tsinke ɗaya ta ɗaga masa. Muryarta ta yi ƙasa.

"Auta, da Inna ce fa?"

Ya cire tabarau ɗin ya ajiye. Ta ci gaba.

"Rashin iyawa ba laifi ba ne. Amma ka san bai kama ba, ka goge shi ka bar mata tarko. Ashana, Auta? Uwar da ta haife ka?"

A ranar aka wuce da Inna garin Yaya. Ya raka su har bakin mota, ya kasa haɗa ido da mahaifiyarsa. Inna ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo kenan. Ta ce kawai, "Ka gaya wa mutanena na layi ban samu yi musu sallama ba. A riƙa buɗe mini taga, kada ɗakin ya yi wari."

Kashegari da safe ya saka takalmi. Matarsa ta tambaye shi ina zuwa, ya ce kasuwa, akwai wasu sukurai na musamman. Sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannu.

"Wallahi ba inda za ka. Abin da ya rage maka ba a sayar da shi a kasuwa. Ga katangar baya can, irin bulon banɗaki ce, ba mai ganin ta sai kaji. Je ka huda ta har hannunka ya daina rawa."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar Inna a rufe. Ya cire takalmin.

Ramukan farko duk sun karkace. Ya karya bakin injin, ya ƙone yatsa, tafin hannunsa ya yi ƙulli-ƙulli. Maƙwabcinsa magini ne, da ya ji ƙara kullum sai ya leƙo ta kan katanga. "Maƙwabci, taga kake buɗe wa kajin ne?" A da, da ya wayance. Wannan karon ya ce, "Ban iya ba ne, koyo nake yi. Don Allah zo ka duba inda nake kuskure, amma kada ka karɓa, ni nake so in yi." Magini ya zagayo. Ya nuna masa yadda ake fara hudawa a hankali kafin a ƙara wuta, da yadda ake ƙwanƙwasa bango a ji inda yake da rami da inda yake cike. Da suka bincika ɗakin kayan, sai ga irin sukurun da ake buƙata, masu buɗewa a cikin bulo su kama. Suna cikin waɗanda ya kwaso tun farko.

Kullum ya taso daga aiki sai katangar baya. Da hannu ya fara faɗawa, ya gyara famfo, aka ɗauke bokitin da ya shekara a wurin. Ya gyara ƙofar kicin da ke jan ƙasa. Ya canza tayil ɗin da ya fasa. Sau ɗaya ya koma wurin mai shago, ya sayi bakin inji guda, ya juya zai fita. Mai shago ya ce, "Injiniya, shi kenan? Ba ka ga sabon zarton nan ba?" Ya ce, "Bari wanda ke gida ya gaji tukuna."

Sai da ya gamsu da hannunsa sannan ya shiga banɗaki. Ya auna tsayin Inna da tsayin matarsa, don kusan kansu ɗaya. Ya kafa ƙarfe na farko, ya rataya a jikinsa ya ɗage ƙafafu. Ya kira magini, su biyu suka ja. Ko motsi. Haka ya bi bangon har ƙofar ɗakin Inna, sannan ya kira Yaya a waya.

"Na gama, Yaya. Ki zo ki gwada."

"In sake faɗawa baho? Ka ɗauke shi daga wurin tukuna."

Ta zo ita kaɗai. Ta ja, ta girgiza, ta jingina, ta bi kowane sukuru da yatsa. Sannan ta kama hannunsa ta juya tafin, ta daɗe tana kallon kantar da ta fito masa. Ba ta yabe shi ba, don ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Tsohuwar nan ta hana ni sakat. Abinci ma sai da lallashi. Ka sa a share mata ɗaki."

Ranar da aka dawo da Inna, ƙawayenta sun riga mota zuwa, sun cika tsakar gida. An sauko da ita ta rame, amma idonta tar. Sai-Na-Sayo ya miƙa hannu zai tallafe ta, ta ture shi a hankali. Ta kama ƙarfen farko, ta ɗan gwada shi, sannan ta saki jikinta a kai. Ta ɗaga ƙafa, ta ajiye. Ta sake. Gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai jan silifas ɗinta, har ta kai bakin ƙofarta da kanta. Ta juyo tana haki tana dariya.

"To, me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin budurwa na yanga ba? A shimfiɗa mana tabarma, akwai labari a bakina."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tanadi daban, aiki daban. Sayen kaya yana da daɗi domin yana sa mutum ya ji kamar ya fara, alhali ko taku ɗaya bai yi ba, kuma wannan shi ne lalacin da ya fi wuyar ganewa, don kama yake yi da himma. Ko guduma ce, ko littafi, ko wata sabuwar dabara da ke cin ka a rai, kada ka jira sai komai ya haɗu. Fara da abin da ke hannunka, ka yi kuskurenka tun da wuri a inda ba zai cutar da kowa ba, ka tambayi wanda ya iya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa aiki bai yi ba, ka faɗi gaskiya, kada ka rufe shi da ƙyalli, wataƙila wanda ka fi ƙauna ne zai jingina a kai. Wanda ya makara ma bai yi asara ba, muddin ya yarda ya koya.